A Duba Firam Kafin a Ɗora Tsohon Keke a Sikeli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu isar da saƙo ga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, na Gadarif da Kasala da Maiwurno da Damazin da Madani da Bur Sudan, da duk wanda maganar za ta amfana a wasu ƙasashe. Mu masu gyaran keke ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan tsofaffin kekunan da muke gani ana kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, a ɗora a sikeli, a sare da guduma, alhali da yawansu ba abin da suke nema sai giris da taya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 mai ya yi wuya, kuɗin mota ya hau, keke ya koma abin da talaka ke zuwa kasuwa da gona da asibiti a kansa. A daidai wannan lokaci kuma masu komawa gidajensu a Madani da Hartum suna tarar da keken gida jingine a ɗakin ajiya, taya ta tsattsage, sarƙa ta daskare, tsatsa ta rufe rim. Mutum ya kalle shi ya ce ai wannan ya mutu. Ba lallai ba ne. Taya da tiyub da sarƙa da boris (ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke sauƙaƙa juyawar ƙafa da feda) da wayoyin ƙafa da robar birki, duk an yi su ne don su ƙare a sauya. Firam, wato ƙashin ƙarfen da ake ɗaura komai a jikinsa, shi ne keke. In firam na da lafiya keke na da rai, in kuwa ya karye, sauran jikin na da aikin da zai yi kafin ya kai ga sikeli. Keke mai taya 28 nauyinsa wajen kilo 20 ne, kuma kowa ya san abin da ake biya a kan kilo 20 na tsohon ƙarfe bai kama ƙafar kuɗin keken da ke tafiya ba.

Kekunan da muke nufi su ne baƙaƙen nan masu birkin sanda: Raleigh na Nottingham a Ingila, wanda masana'antarsa ta can ta daina fitar da keke a 2002, da Phoenix na Shanghai, da Flying Pigeon na Tianjin, da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya. Irinsu ne ma'aikatan jirgin ƙasa suka cika titunan Atbara da su har garin ya yi suna da keke. Zubi ɗaya aka yi musu, shi ya sa galibin kayan wannan kan hau wancan. Ƙarfensu baƙin ƙarfe ne mai haƙuri, yana lanƙwasa kafin ya karye, yana karɓar miƙarwa, yana karɓar tagulla. Firam ɗin alminiyon na kekunan yanzu in ya tsage sai dai a haƙura. Wanda bai tabbata da nasa ba ya kara masa maganaɗisu, in ya kama baƙin ƙarfe ne.

Kafin sifana ta taɓa noti akwai haƙƙi. In keken na mamaci ne ya shiga gado, ba a sayar da shi, ba a yanka shi, ba a kyautar da shi sai da yardar magada, ko da ɗan autan gida ne kaɗai ke hawansa. Sannan kowa ya san an wawashe gidaje a wannan yaƙi, kayan mutane sun watsu a kasuwanni. Kada araha ta sa ka sayi keken da mai sayarwa ya kasa faɗin inda ya samo shi. Lambar firam tana nan a buge, ko a ƙarƙashin sirdi inda bututu ya ƙare, ko a ƙasan gidan feda, inda sandar feda ke juyawa. Mai keke ya rubuta tasa ya ajiye. Masu tonon tarin ƙarfe a unguwannin da aka yi faɗa kuma su yi hattara, ƙarfen da ba ka gane ba kada ka taɓa shi, balle ka kai masa guduma.

Duban firam da wanki yake farawa, domin laka da tsohon giris suna ɓoye tsaga. Ruwa da sabulu da tsumma, sannan a fito da shi haske. A fara da wuyan keke, wato gajeren bututun gaba da sandar kai ke shiga. Ka shafa yatsa a ƙasan bututun da suka taso daga wuya, daidai bayan mahaɗa, wato inda bututu ya haɗu da ɗan'uwansa. In ka ji ƙari ko tattara, ko ka ga fenti ya tsattsage ya zagaye bututun, keken ya taɓa yin karo ta gaba, bututun ya naɗe, kuma irin wurin nan ne ke buɗewa wata rana da kaya a kai. Ka koma gefe ka kalli fok, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Saman ƙafafunsa ya kamata ya bi layi ɗaya da wuya. In ya ja baya, taya ta matso kusa da bututun ƙasa, ya lanƙwashe. Ƙaramar lanƙwasa mara tattara ana miƙar da ita a sanyi, sau ɗaya, ba tare da wuta ba. In akwai tattara ko tsaga a kafaɗar fok a sauya shi kawai, don ranar da fok ya karye fuska ce ke fara isa ƙasa.

Sai tsatsa. Ta waje ba abin tsoro ba ce, samfefa na cire ta. Ta ciki ce mai kisa. Ruwa kan shiga ta bututun sirdi ya kwanta a gidan feda da siraran bututun nan biyu da suka tafi ƙafar baya. Ka cire sirdi da sandarsa, ka kifa keken ka girgiza. Ɗan jan gari ba komai, amma in ɓawon tsatsa ne ke zubowa, a ƙara bincike. Ka danna bakin ƙusa da ƙarfi a ƙasan siraran bututun, kusa da gidan feda. Kaurin bangon bututu wajen milimita ɗaya ne kacal, in ƙusa ta lotsa shi ya gama aiki. Kekunan Bur Sudan da Sawakin sun fi kamuwa da wannan saboda gishirin iskar teku. Na Gadarif da Jazira kuwa baƙar lakar damina ce ke maƙalewa a cikin madigadi da bayan gidan feda, ta riƙe danshi bayan ruwa ya ɗauke.

Miƙewar firam da zare ake gane ta. Ka ɗaura zare a bakin da ƙafar baya ke zama ta dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a bakin hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. In bambancin bai wuce milimita 2 ko 3 ba a bar shi. In ya wuce, keken zai riƙa ja gefe, sarƙa ta riƙa faɗuwa, kuma ana gyarawa da dogon katako, a tura kaɗan a auna, a sake turawa a auna.

Abin da ya fi kashe firam a hannun masu neman gyara shi ne waldar lantarki. Waɗannan kekuna ba narka bututunsu aka yi aka haɗa ba. Kowane bututu an zura shi ne cikin mahaɗa, aka zuba tagulla ta cike tsakani. Mai waldar ƙofa da taga in ya kawo wutarsa wurin, tagulla ta tafasa ta ɓata waldar, siririn bututu ya huje, gefen wurin ya yi rauni, ba a jima ba tsagar ta dawo kusa da inda take. Mahaɗar da ta saki aikin mai waldar gas ce, da sandar tagulla da hodarta, bayan an goge wurin ya yi fari tas. Tsaga a tsakiyar bututun baya ana iya sa mata riga da guntun bututu a cike da tagulla. Tsaga a wuya ko a bututun ƙasa kuwa, shawararmu a sauke keken daga hawa. Mun san wasu abokan sana'a za su ce suna gyarawa yana zama. Wani lokaci yana zama, amma wanda zai hau da buhun dawa a baya bai san ko nasa na cikin masu zaman ba.

In firam ya tsallake, sauran aikin haƙuri ne. Kwana ɗaya kafin kwancewa a ɗiga kananzir ko dizal a kan kowane noti, da kawunan wayoyi a jikin rim, da inda sandar sirdi da sandar kai suka shiga. A tuna fedar hagu tiredinta, wato zanen da ake murɗa ta a kai, a juye yake, haka ma kofin dama na gidan feda, wanda boris ke zama a ciki. Ta wajen da ake ɗaure sauran noti ake kwance su. Da yawa sun cinye tiredi a nan suna zaton tsatsa ce ta riƙe. Raleigh na Nottingham kuma yana da nasa hali: tiredin gidan fedarsa da na wuyansa 26 ne a inci, na sauran galibi 24. Kofin da ba nasa ba zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in aka matsa masa da ƙarfi an lalata gidan. Don haka kofunan Raleigh na asali, in ba su rarake ba, a wanke a mayar.

Boris a zubar da tsohon gaba ɗaya, ba shi da tsada, kuma kada a gauraya sabo da tsoho, domin tsohon ya ɗan ragu, sabon ne zai ɗauki nauyin duka. Abin da aka saba gani: ƙafar gaba 10 a kowane gefe masu girman 3/16 na inci, ƙafar baya 9 a kowane gefe masu 1/4, gidan feda 11 a kowane gefe su ma 1/4, na wuya ƙanana, 5/32 ko 1/8 gwargwadon ƙira. A ƙirga na ciki yayin kwancewa. In lissafi ya ɓace, a jera har da'irar ta cika da ɗan sarari da ya rage. In sun matse har ɗaya na hawa kan ɗaya a cire guda. Kon, wato notin da ke danne boris, shi da kofi da bakin biro ake duba su: in biro na tuntuɓe a hanyar da boris ke bi, wurin ya rarake, sabon boris ba zai daɗe ba, sai a sauya kon ɗin. Wajen ɗaurewa a matsa kon har girgiza ta ɓace, amma ƙafar ta iya juyawa da kanta har nauyin bawul ya jawo ta ƙasa, sannan a kulle da noti na biyu. A riƙe kon da siririyar sifana yayin kullewa, in ba haka ba zai bi notin ya matse.

Giris na mota shi ne abin sawa. A nan Gadarif man riɗi ya fi komai kusa da hannu, kuma muna ganin ana ɗiga shi a sarƙa da hob, wato cibiyar ƙafa. Man girki ko wane iri ne danƙo yake yi in ya sha zafi da iska, ya kama ƙura ya daskare. Baƙin man da aka juye daga inji kuma cike yake da garin ƙarfe. Sarƙa sabon man inji take so, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, a goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. A ƙasar da habub, wato guguwar ƙura, ke tashi, sarƙar da ke naso da mai ita ke fara ƙarewa, domin ƙura da mai in sun haɗu niƙa suke yi.

Sarƙar da ta daskare a jiƙa ta a kananzir kwana biyu, a lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa, sannan a auna. Gaɓa 24 inci 12 ne cif a sabuwa. In sun kai inci 12 da 1/8 ta ƙare, kuma ta riga ta ci haƙoran firiwil, wato ƙaramin faranti mai haƙora na ƙafar baya. A sauya su tare, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle a kan tsofaffin haƙora. Girman sarƙar da ake tambaya a shago 1/2 da 1/8 na inci ne. A bar mata saki wajen santimita ɗaya sama da ƙasa, a wurin da ta fi tsauri. Firiwil da ke juyawa gaba ba ya kamawa sau da yawa bai mutu ba, datti ne ya manne 'yan haƙoran ciki. A kwantar da ƙafar, a zuba kananzir ta tsagar ana juyawa har ƙas-ƙas ɗinsa ya dawo, a bi da man inji. Mai ɗaukar kaya, ko dattijo mai ciwon gwiwa, ya sa firiwil mai haƙora 22 a maimakon 18 ya ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. Gudu zai ragu, tuƙi ya yi sauƙi.

Kotafin, ƙusar da ke riƙe hannun feda, tana da nata ladabi. Notinta ba ya jawo ta, riƙe ta kawai yake, kuma wanda ya matsa noti don ya kashe girgiza tiredi zai tsinke. Da guduma take shiga, da guduma take fita, amma sai an tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu da ya tsaya a kan dutse ko kankare, don bugun ya sauka ƙasa. In ba a tokare ba boris ɗin gidan feda ne ke shan bugun, ya lotsa kofi. Kaurinta galibi milimita 9.5 ne. Ta dama da ta hagu su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba hannayen biyu ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki ana hawa a sake bugawa a ƙara ɗaure noti.

Wajen sayen taya ake yawan asarar kuɗi. Taya iri biyu ake kira 28, kuma ba sa hawa rim ɗaya. Ta waɗannan kekuna ita ce 28 x 1 1/2, a gefenta za a ga 635. Mai 622 ta kekunan zamani ce, ta gaza da milimita 13, ba dabarar da za ta sa ta hau. Haka 26 ma, akwai 559 akwai 590. Wannan lamba ita ake dubawa kafin a biya. A shimfiɗa ɗamara a cikin rim ta rufe kawunan wayoyi, tsohon tiyub da aka yanka ya isa. Bawul irin na da yana da 'yar siririyar roba a ciki wadda zafi ke cinyewa, sau da yawa tiyub lafiyarsa lau, ita ce ta tsage. Faci kuma gaggawa ce ke tashinsa: a goge wurin, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne. Masu bin hanyoyin da tsidau da ƙayar maskit suka yi yawa, irin wajen Kasala da bakin kogin Gash, kada su yar da tsohuwar taya. A yanke gefunanta biyu masu waya, a goge bakin yankan don kada ya ci tiyub, a zura ta cikin sabuwar taya. Keken zai ɗan yi nauyi, faci ya ragu sosai.

Wayoyin ƙafa a tsofaffin kekunan Ingila 32 ne a gaba 40 a baya, wasu kuma 36 da 36. A ƙirga ramukan hob da na rim kafin saye, a tafi da tsohuwar waya don tsawo. Keken kaya a sa masa masu kauri, lamba 13 ko 12, in ramin hob zai karɓa. Wajen miƙar da rim kada a wuce rubu'in zagaye a kan waya ɗaya a lokaci guda. Waya in ta tsinke a sauya ta a ranar, don maƙwabtanta ne ke ɗaukar nauyinta su bi bayanta. Birkin sanda a cikin rim yake kamawa, saboda haka rim mai tsalle birkinsa ba zai taɓa zama daidai ba. Gidan robar birki gefe ɗaya a toshe yake, ɗaya a buɗe. Toshasshen ya fuskanci inda rim ke tafiya. In aka juya shi, ranar da aka matse birki da ƙarfi robar za ta fice. A gaya wa yara ma cewa rim na ƙarfe in ya jiƙe sai ya yi zagaye da yawa kafin birki ya kama. Fenti shi ne na ƙarshe: samfefa, jan fenti mai hana tsatsa, sannan baƙi shafi biyu.

To, in firam ya faɗi fa? A nan muka fi son a saurare mu. Wannan yaƙi ya bar mutane da yawa ba ƙafa, ga waɗanda shan inna ta riga ta zaunar, kuma keken guragu mai tuƙin hannu kusan duk kayansa daga matattun kekuna ake samunsu. Ana buƙatar ƙafafun keke uku, fok da wuyansa, gidan feda da aka yanko da ɗan bututu a jikinsa, faranti mai haƙora, sarƙa da firiwil. Ƙafar baya mai firiwil ita ke komawa gaba, sai a ɗan buɗa fok a sanyi, don hob ɗin baya ya fi na gaba faɗi. Gidan feda ya hau saman sandar kai daidai ƙirjin mai hawa, a cire feda a sa mariƙin hannu. Sarƙa ta sauko miƙe daga faranti zuwa firiwil, a yi mata murfi tunda tana kusa da yatsu da riga. Hannu bai kai ƙafa ƙarfi ba, farantin 46 ya yi masa girma. A nemi ƙarami na keken yara, mai haƙora 28 zuwa 32, a haɗa da firiwil 22, in ba haka ba yashi kaɗan zai tsayar da mutum. Gindin kujera da sabon bututu mai kauri ake yin sa, a nan waldar lantarki ba laifi. Kujerar ta zauna ƙasa-ƙasa, a ɗan gaban ƙafafun baya, don kada keken ya kife ta baya a hawa, kuma ƙafar gaba ta sami nauyin da zai hana ta sulɓi. A auna ƙofar gidan mai shi kafin a yanke faɗi. A sa birki mai kullewa, don ya iya hawa da sauka keken na tsaye. Katifar zama mai kauri wajibi ce: wanda ba ya jin ƙasan jikinsa, katako tsirara zai fitar masa da gyambon da ya fi rashin keken illa. Kuma mai shi ya zo ya zauna a gwada kafin a yi waldar ƙarshe, domin tsawon hannu da baya ba ɗaya ba ne a wurin kowa.

Sai amalanken ruwa. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce ban da nauyin robar. Huɗu a kariya kilo 80 ke nan a kan ƙafa ɗaya, ga mahayi, kuma abin da ke tsinka wayoyin gefen firiwil ya lanƙwasa aksul, sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, ke nan. Amalanke mai ƙafa biyu zai ɗauki shida, kilo 120, in an gane halin ƙafar keke. Aksul ɗinta siriri ne, an yi shi a riƙe ta gefe biyu, in aka ɗaure ta gefe ɗaya kawai lanƙwashewa yake. Kowace ƙafa ta zauna tsakanin ƙarfe biyu ko cikin tsohon fok, haka ma ƙafafun bayan keken guragu. Sannan ƙafar keke tana da ƙarfi daga sama, ba ta da shi daga gefe. Keke yana kwantawa a kwana, amalanke ba ya kwantawa, sai nauyi ya tura rim gefe ya naɗe. Shi ya sa ƙafar keken yara mai inci 20 ta fi ta 28 a wannan aiki, wayoyinta gajeru ne, kuma kaya na zama kusa da ƙasa. Kayan su ɗan rinjaya gaban aksul. In da keke za a ja, birkin sanda ba a yi shi don tsayar da ƙarin kilo 120 a gangare ba, a sauka a tura.

Firam ɗin da ya tsage a wuya amma bayansa lafiya ya dace da injin wasa wuƙa, tunda ba inda za shi. A kafe shi a kan ƙafafun ƙarfe, ƙafar baya ta bar ƙasa, a cire taya, a ɗora bel a kwarin rim zuwa ƙaramin fuli, wato gargaren da bel ke juyawa, a sandar dutsen wasa. Faranti 46 da firiwil 18 na juya ƙafa sau biyu da rabi a kowane zagayen feda. Zagaye 60 a minti ya ba da 150 ke nan. Rim mai faɗin santimita 63 da fuli mai santimita 10 sun ninka wannan sau shida da ɗoriya, dutse ya haura 900 a minti. Ya isa wuƙar mahauci da almakashin tela da lauje, kuma lokacin yankan riɗi a Gadarif mai wannan inji ba zai zauna banza ba. Kafin a ɗaura dutse a rataye shi a ƙwanƙwasa: mai lafiya yana amsawa da ƙara, mai tsaga muryarsa a dushe take, kuma fashewa yake yi a fuskar mai aiki. Tabarau dole ne, da gwangwanin ruwa a kusa don tsoma ƙarfe kafin ya yi shuɗi ya daina riƙe kaifi.

Akwai dabarar da ake yawan kawo mana wadda ba ma goyon baya, wato cajin wayar hannu da feda. Dinamon keke, mai ba fitila wuta, volt 6 ne, wat 3. Batirin waya mai 5000 mAh yana ɗaukar abin da wat 19 zai bayar a awa ɗaya, don haka ko ba asara ko kaɗan sama da awa shida ke nan mutum na tuƙi. Wutar dinamo kuma sai an bi da ita ta na'urar daidaitawa, in aka haɗa kai tsaye wayar ce za ta lalace. Altanetan mota shi ma yana cinye kaso mai yawa na ƙarfin mutum kafin ya fara ba da komai. Ƙaramin faifan sola ya fi duka. Dinamo a bar wa fitila.

Ƙananan kayan ba sai an koya wa kowa ba. Tiyub a yanka shi ɗamara-ɗamara don ɗaure kaya da toshe yoyon tiyo. Ƙafa ba taya, in an rataye ta cikin fok a bakin rijiya, tana sauƙaƙa jan guga, amma guga kawai, kada a kuskura a zura mutum da ita. Masu agashe kan nemi wayar keke su yi tsinke, kuma muna roƙon su bari: yawancin wayoyin tsofaffin kekuna an shafe su da tutiya ko wani sinadarin hana tsatsa, wanda ba abin haɗawa da wuta da nama ba ne. Mai walda ma ya goge wannan shafe kafin ya kunna wuta, ya yi aikin a fili, don hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Taya kuma kada a hura wutar girki da ita, ko gawayi ya yi tsada.

Wanda zuciyarsa ba ta yarda ya rabu da keken mahaifinsa ba, ba mai ganin laifinsa. Ya rataye shi a inuwa taya ta bar ƙasa, ya ɗiga man inji cikin bututun sirdi ya jujjuya, ya shafa giris a sandar sirdi da rim da sarƙa. Mu dai da za a bi ta tamu, a gyara shi a ba ɗalibi ko mai tallan kayan lambu ya hau, da niyyar sadaka ga mamacin.

'Yan'uwanmu masu sayen tsohon ƙarfe, ku ma da ku muke. Firam ɗin da bai lotse ba, da fok, da hob, da gidan feda, da kofunan Raleigh, da ƙafafun keken yara, ku jingine su gefe ko mako guda ne kafin guduma ta hau kansu, mai gyara zai biya ku fiye da kuɗin kilo. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai kuma za su iya ware ɗaki guda inda jama'a za su riƙa kawo matattun kekuna, a haɗa su da maƙeran da za su mayar da su keken guragu. Abin da ya cancanci sikeli ba shi da yawa: rim ɗin da tsatsa ta huda, bututun da ƙusa ta lotsa, madigadin da ya ruɓe, kon da ya rarake, da sarƙar da ta wuce awo in ba a buƙatar ta wajen ɗaure ƙofa.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan.

Wassalam,
Daga wasu masu gyaran keke,
Gadarif, Sudan.